Abin da ya hana rediyonmu magana a salularku

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, na gida da na wajen bida. Mun yi alkawari cikin shirin safe cewa za mu zo nan mu yi bayani a rubuce kan abin da ya hana rediyo magana ta intanet kusan sati uku. Minti biyar na iska ba su isa ba, kuma maganar cike take da sunaye na Turanci da Faransanci waɗanda kunne ba ya riƙewa sai ido ya gani. To ga mu. Mai sauri ya gangara ƙasa, akwai abin da zai yi in har yanzu salularsa ba ta magana. Wanda ke da shayi gabansa ya gyara zama.

Mutumin cikin gari bai ma san an yi wani abu ba. Akwatinsa na kama FM lafiya lau, haka na Tsarnawa da Dogarawa da Galmi, haka ƴan uwanmu na Illelar Najeriya, tunda iska ba ta tsayawa duwan. Waɗanda abin ya ci su ne na nesa: masu aikin gini a Sabha da Tirabulus, ƴan Tamanrasat, masu haƙar zinariya a arewacin Agadas, masu bin albasa har Abijan da Kumasi, ƴan Legas. Su ba kiɗa kawai suke bida wurinmu ba. Sanarwa suke jira: wa ya rasu, wa ya haihu, auren wa za a ɗaura ran Juma'a, nawa buhun albasa ya kwana Galmi, an yi ruwa a Badagishiri ko ba a yi ba. Wani bawan Allah ya aiko muna da murya daga Libiya, ya ce kawunsa ya rasu, an faɗa a rediyo kwana uku a jere, shi bai ji ba sai da sadakar bakwai ta wuce. Dangi kowa na zaton wani ya kira shi, shi kuma yana zaton in da wani abu ya faru da ya ji a sanarwar dare, kamar kullum. Ya ce, “Malam, ni rediyon nan shi na ƙofar gidanmu.” Ba mu da abin ce mishi sai Allah ya jiƙan mamaci.

Akwai kuma maganar aljihu, ba za mu ɓoye ba. Ƴan bida ne ke aiko da kuɗin gaisuwa da na sanarwa ta hannun ƴan uwansu, kuma daga ciki ake sayen gazuwal ɗin gurup. Wanda ya biya gaisuwa bai ji sunansa ba, ba zai sake biya ba, kuma yana da gaskiya.

Da ƙorafi ya fara, kowa ya ɗora laifin inda anka saba ɗora shi: kuran da rezo. Ba a ga laifin mai wannan zato ba. Dukanmu mun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, abin bai warware ba sai Maris 2024. Mun tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sunka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sunka wayi gari intanet na rarrafe. Tun daga nan duk abin da ya tsaya sai a ce rezo ne. Amma wannan karon kuran na nan, WhatsApp na tafiya, kuma mutanen da ke cewa ba su jin mu, da intanet ɗin suke aiko da saƙon. Abin da ya ƙara ɗaure kai, ordinater ɗin da ke sutudiyo in an buɗe shafin rediyo a kanta aka danna, murya na fitowa garau. Mu muna ji, ku ba ku ji.

Akwai wani ƙanenmu da ya yi karatun kwamfuta a Tawa, yana zuwa taya mu aiki in ya samu sarari. Shi ya fara yi muna fashin baƙi, kuma za mu maimaita yadda ya faɗa don sauran bayanin ya zauna. Shafin intanet kamar gida yake. Akwai gini, bulo da siminti, shi ne rubutu da hotuna da inda kowane abu zai zauna. Sunan wannan HTML. Akwai fenti da ado. Sannan akwai wayoyin kuran da ke cikin bango, waɗanda ba a gani, amma su ke sa in ka danna makunni fitila ta kama. Waɗannan su ne rubutun umarni, sikirif, da harshen da ake kira JavaScript. Maɓallin nan mai kusurwa uku da kuke dannawa don sauraro makunni ne. In babu waya bayansa, hoto ne kawai.

Manhajar da kake buɗe shafi da ita, burauza, ko nabigater kamar yadda muke cewa nan, tana da kayan aiki na leƙa cikin bango. Ordinater ɗinmu ta sutudiyo tsohuwa ce, mai Windows XP, irin waɗanda anka raba wa gidajen rediyo shekarun baya. Ba a taɓa ta saboda manhajar da ke jera muna kiɗa da talla a kanta take, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba. A cikin Firefox ɗinta akwai wani ɗan ƙwaro da ke zaune a kusurwa tun zamanin wanda ya gina shafin, sunansa Firebug. Ƙanen namu ya danna shi, ya shiga sashen sikirif. Sai ga rubutu da Turanci: “No Javascript on this page”. Wato babu rubutun umarni ko ɗaya a wanga shafi.

To, ai magana ta ƙare, in ji waɗanda ke tsaye. An sace wayoyin gidan. Wani ya ce ƴan kutse ne, wani ya ce mai masaukin shafin ya goge. Kafin la'asar har an samo wanda zai gina muna sabon shafi daga tushe, da kuɗin da in mun biya, gurup zai kwana biyu bai sha gazuwal ba.

Tsohon tekinisiyenmu, wanda ya fi mu shekaru da yawa kuma bai damu da intanet ba, yana gefe yana gyaran wani mikro. Sai ya ce, “Kai yaro, in babu waya cikin bangon, mi ya sa hitila ka kamawa nan ɗakin?” Aka yi shiru. Ya ce shi tun yana koyon aikin kuran abu na farko da maigidansa ya koya mishi shi ne, kafin ka yarda da testa, ka soka ta inda ka tabbata akwai wuta. In ba ta kama can ba, testar ce ta mutu. Mutane nawa kuran ya ja don sun yarda da testa mai mataccen ƙwai? Ƙanen namu ya ce, “Gaskiyarka, Baba.” Ya buɗe wasu manyan shafuka da duniya ta san cike suke da JavaScript, ya sake tambayar ƙwaron. Amsa ɗaya: babu. Ya koma shafinmu ya danna Ctrl da U, wanda ke nuna ainihin rubutun shafi tsirara, sai ga layukan sikirif a jere, ba wanda ya taɓa su.

Abin da ya faru da Firebug ba asiri ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Joe Hewitt ya ƙirƙire shi a 2006, kuma shekaru kusan goma shi ne fitilar masu gina shafuka a duniya. Da yawa daga tsoffin darussan Faransanci da za ka samu a intanet da shi suke koyarwa. Daga baya Firefox ya sake tsarin cikinsa, ƙwaron ya kasa bin sawu, kuma sashen sikirif na cikin abubuwan da sunka fara makancewa. A Oktoba 2017 Mozilla ta yi bankwana da shi a fili, ta ce a koma ga kayan aikin da ke cikin Firefox ɗin kansa, sannan Firefox 57 da ya fito a Nuwamba 2017 ya daina karɓar irin waɗannan tsoffin ƙare-ƙare gaba ɗaya. Ita kuwa ordinater mai XP ba ta iya wuce Firefox 52. Ta tsaya daidai tsakiya: ƙwaron na buɗewa, yana da fuska da maɓallai, amma ido babu. Masu shi sun sallame shi da mutunci tun tuni. Mu nan ne kaya ke daɗewa hannunmu har su wuce zamaninsu, daga mota har ordinater, kuma ba ƙaramin amfani muke ci ba. Sai dai tsohuwar mota in ta gaji tana tsayawa kowa ya gani, shi kuwa wanga yana ba ka amsa da cikakkiyar murya.

Aka ajiye maganar sabon shafi. Washegari ƙanen namu ya zo da tashi ordinater ta hannu mai Chrome na yanzu. A nan abin da kuke faɗa ya bayyana gabanmu: an danna, ɗan da'ira ya yi ta juyawa, shiru. Ya danna F12, allo ya rabu biyu, kayan aiki sunka fito. Ya ce wa wani abokin aikinmu, “Yaya, duba console ka gaya mini abin da ka gani.” Mutumin ya miƙe ya nufi teburin haɗa sauti yana duba fitilu, don mu a gidan rediyo abin da muke kira konsol ke nan. An sha dariya. Console ɗin burauza wani ɗan allo ne inda take rubuta kokenta, duk abin da ta ƙi yi da dalilin ƙin.

Nan ma kayan aikin bai ba da kai nan take ba. Sashen da ake kira Réseau, mai nuna duk abin da shafi ya ɗauko daga waje, fayau yake, ko layi ɗaya babu. Wanda bai sani ba zai ce ga shi, shafin bai ɗauko komai ba. Alhali shi wanga sashe kamar mai gadi ne da ke rubuta masu shiga: daga lokacin da ya zauna bakin ƙofa yake fara rubutu, waɗanda sunka riga shi shiga ba su cikin littafinsa. Sai an bar shi buɗe an sake loda shafin da F5. Da anka yi haka, sai ga layuka na zubowa.

Sannan ga wani abu. A sashen Sources an ga sikirif na shafinmu, amma na akwatin sauraron ba su cikinsu. Ashe akwatin ba a cikin ginin shafinmu yake ba. Shago ne da anka fitar a jikin gida aka ba wani haya: bango ɗaya, amma mita daban, makulli daban. Masu abin suna kiran shi iframe, shafi cikin shafi, yana zuwa daga wata na'ura can wata ƙasa. Kayansa na ƙarƙashin wani reshe na dabam da sai ka buɗe, kuma a console akwai ɗan zaɓi a sama da ke rubuce “top”, sai ka sauya shi in kana son yin magana da mai shagon. Sau uku ke nan ana ce muna babu, kuma kowane babu da irin nashi.

Da anka sake lodawa aka danna maɓallin, console ta rubuta kokenta, kalmomi biyu na farko “Mixed Content”. Abin haushi, sunayen sassan duk da Faransanci suke, amma koken kansa da Turanci. Mu da munka yi lise, Turancinmu na aji ne, na gaida malam da kwanakin mako. Sai da munka haɗa da wani ɗan canji na bakin tasha da ya yi zaman Legas, shi ya san Turancin, ƙanen namu ya san abin da ake nufi, mu kuma muna juyawa da Hausa. Hausar da miliyoyin mutane ke yi daga nan har Sudan, amma in na'ura za ta gaya maka ciwonta sai ka nemo tafinta biyu.

Ga ma'anar. Adireshin shafi iri biyu ne: mai farawa da http, da mai farawa da https. Na biyun a rufe yake, abin da ke tafiya tsakaninka da shafin ba mai karantawa ko sauyawa a hanya. Na farkon kamar wasiƙa ce ba ambulan da ka ba direban tasha. Tun Yuli 2018 Chrome ke rubuta “Non sécurisé” a gaban duk shafi mai http. Daga 2020 kuma ya ƙara ƙa'ida: in shafi mai https ne, amma sauti ko bidiyon da ke cikinsa ta http yake zuwa, burauza za ta gwada nemo shi ta https, in ba ta samu ba ta hana shi shiga. Shafinmu shekara da shekaru http ne, murya ma http, ba mai rigima da wani. Kwanan baya masu masaukin shafin sunka mai da kowa https, wanda abu ne mai kyau. Akwatin sauraro ya bi shafin ya koma https. Amma adireshin da murya ke fitowa, wanda anka rubuta da hannu tun ranar gini, da lambobinsa da 8000 a ƙarshe, yana nan http. Gida ya samu ƙofar ƙarfe, baƙon da ya saba shigowa kullum ba shi da takarda, mai gadi ya tsai da shi. Ita kuwa tsohuwar sutudiyo ba ta san an yi sabuwar doka ba, Firefox ɗinta na barin sauti ya wuce. Shi ya sa muke ji ku ba ku ji.

Gyaran bai kai girman ciwon ba. An rubuta wa kamfanin da ke ɗaukar muryarmu ya watsa a intanet, aka ce muna son adireshi mai https. Sun ɗauki kwana huɗu kafin su amsa, ba mu san ko don mu ƙananan abokan ciniki ne ba. Da ya zo, layi ɗaya aka sauya. Harafi ɗaya ma za a ce, da sunan masauki a madadin lambobi. A daren nan saƙonni sunka fara shigowa daga Abijan da Sabha: ya dawo, ya dawo. Wasu sai da sunka share ma'ajiyar burauzarsu, don salula na riƙe tsohon kwafin shafi don tsimin mega, tana ta nuna musu na jiya.

Amma ba kowa ba. An bar wasu da ke cewa su ko maɓallin ba su gani, farin fili ne kawai, ko kuma in sun danna sai shafin ya sake lodawa ya dawo yadda yake. Yawancinsu na kusa ne, mutanen ƙauyukan da FM ba ya kai musu sosai, da masu ƙananan wayoyi. Wata Hajiya mai sayar da tabarmi da ke zuwa kasuwar Laraba ta kawo tata har gidan rediyo, ta ce, “Ɗana, ga ta nan, ku duba ku gani. Jikana ya ce ba ta lalace ba, ni kau ban jin ku in na koma gida.” Munka ce, “Inna, zauna ki huta, yanzu za a duba.”

Ana iya leƙa cikin burauzar salula daga ordinater. Sai an shiga saitin wayar an danna lambar ginin manhaja sau bakwai, wani ɓoyayyen sashe na masu gini ya buɗe, a kunna binciken USB, a haɗa da kabul, sannan a rubuta chrome://inspect a Chrome na ordinater. An yi duk wannan, ordinater ta ce ba ta ga waya ba. Wannan karon ba a tsaya dogon tunani ba, tsohon tekinisiye na kallonmu ta saman tabarau. Aka gwada da wata wayar da anka san tana haɗuwa, ita ma ba a gan ta ba. Kabul ɗin ne. Da yawa daga masu arahar da ake sayarwa a tebur na sharji ne kawai, wayoyi biyu ke ciki, na ɗaukar bayani babu. Aka sauya kabul, waya ta bayyana. Amma shafin da ke buɗe a kanta bai bayyana ba, don ba da Chrome take buɗewa ba. Opera Mini ce, a kan matakin tsimi mafi tsanani.

A nan za mu ɗan daɗe, don mutanenmu da yawa da ita suke shiga intanet, kuma suna da hujja. Opera Mini ta bazu a duniya tun 2006, an yi ta ne don mai ƙaramar waya da mai ƙirga mega. In ka nemi shafi a wancan mataki, ba wayarka ke zuwa ɗauko shi ba. Na'urorin kamfanin ne ke zuwa, su buɗe shafin can wurinsu, su bar sikirif ya yi aiki na ɗan lokaci kaɗan, sannan su matse sakamakon su aiko maka. Kamar ka aiki yaro kasuwa ya dubo maka, ya dawo ya ba ka labari a taƙaice. Labarin gaskiya ne, kuma ka huta da kuɗin kabu-kabu, amma ba ka iya taɓa kayan. Don karanta labarai da duba sakamakon ƙwallo babu kamarta. Akwatin rediyo kuwa yana son sikirif da ke raye cikin wayar, yana jiran yatsanka. A wayar Inna, da akwai kayan aikin da zai leƙa ya ce babu JavaScript, da gaskiya ya faɗa. Wayoyin na can wata ƙasa, hoton makunnin kawai ya iso.

Ba mu ce wa kowa ya bar Opera Mini ba, kuma ba za mu ce ba. Wanda ke sayen forfe na dala ashirin ko arba'in ya fi mu sanin abin da ya dace da aljihunsa. Masu gina shafuka ne ke gini kamar kowa na zaune Yamai da wifi. Abin da munka yi, an sa akwatin sauraro mai sauƙi wanda burauza da kanta ta san shi ba sai da sikirif ba, a cikin shafinmu kai tsaye, an sallami ɗan haya. A ƙarƙashinsa kuma an sa rubutu shuɗi, “Danna nan in akwatin bai yi ba”, wanda ke kai ka ga muryar ba tare da wani ado ba. A wayoyin da munka gwada, har da ta Inna, yana miƙa sautin ga manhajar kiɗa ta wayar. Ta sa a kunne ta ji tallar maganin sauro, ta ce, “To, ga ku nan.”

Tunda an buɗe bango, sai munka duba wani abu da kuke yawan kuka da shi, wato rediyo na shan mega. Lissafin ba wuya. Muryarmu na fita a kan 128, wato kilobit 128 kowane daƙiƙa. In ka raba da 8 ka samu kilobayit 16, ka ninka da daƙiƙa 3600, awa ɗaya ta ci mega 57 da ɗoriya. A kan 64, kusan mega 29. A kan 32, mega 14 da ɗan kai. Mai sauraron sanarwar dare da labarai awa biyu kullum, bambancin a wata ba wasa ba ne. An yi gardama a gidan. Masu shirin kiɗa sun ce a 32 kalangu da gurmi za su koma kamar ana buga gwangwani, kuma ba ƙarya sunka yi ba. Mu masu magana mun ce wanda ke ramin zinariya da sanda ɗaya ta rezo ba daɗin gurmi ya dame shi ba, so yake ya ji ko sunan garinsu ya fito. An rabu a kan biyu: akwai babba, akwai ƙarami, kowa ya zaɓa. Mu dai ƙaramin muke ba kowa shawara, kuma ya fi jure rezo mai rauni, ba ya yawan yankewa.

Masu tambayar mi ya sa rediyo ba ya tashi da kansa in an buɗe shafi kamar da, wannan ba lalacewa ba ce kuma ba za mu gyara ba. Tun 2018 Chrome ya hana shafuka fara sauti kafin mutum ya taɓa wani abu, sauran ma haka suke yi. Mun goyi bayan wagga doka. Ku tuna mutum zaune wurin zaman makoki ko sahun gaba a masallaci, ya taɓa waya cikin kuskure, sai ga muryarmu muna tallar taki.

To ga abin yi ga wanda har yanzu ba ya ji. In daga Facebook ka danna adireshin, sau da yawa a cikin Facebook ɗin yake buɗewa, da wata ƴar burauza tasa, kuma kana fita sauti na iya yankewa. Danna ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi buɗewa a nabigater. In Opera Mini gare ka, bi shuɗin rubutun, ko ka sassauta matakin tsimi lokacin sauraro kawai. In ka ga tsohon akwati mai launin toka, tsohon kwafi ne, share ma'ajiyar burauza ka sake buɗewa. In duk ka yi bai yi ba, kada ka rubuto “ba ya yi” kawai, don “ba ya yi” ɗin nan mun gano kala huɗu ne ko biyar. Ɗauki hoton allon, ka faɗi sunan wayar, da abin da kake buɗe shafi da shi, da garin da kake, da ƙarfe nawa. Wanda bai iya rubutu ba ya aiko da murya, ko ya ba yaro ya ɗauka mishi.

In kuma ka danna ka ji shiru tsit alhali agogon akwatin na tafiya, wannan daga wurinmu ne: ko kuran ya ɗauke ana tada gurup, ko mai aiki ya fita salla. A ba mu minti goma. Sanarwowin rasuwa da anka karanta cikin sati ukun nan kuwa, mun tattara su duka, za mu sake karanto su ran Juma'a bayan labaran dare, da sunan gari da ranar da anka yi jana'iza, ba tare da iyalan sun sake biyan ko dala ba. Ku gaya wa na nesa.